Daren da Faifai Ya Yi Gardama

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama,
zuwa yake kamar mai bin bashi.
Daren Alhamis, mutum arba'in da ɗaya a ƙasa,
rigunansu na ɗiga a kan kujeru,
ni kuwa ina sama, ɗakin haska fim,
ni da faifai uku, kowanne ya kai teburin cin abinci.
Na sama ke sakin fim daga cibiyarsa,
na tsakiya ke karɓa yana naɗewa,
na ƙasa hutu yake, ya yi nasa jiya.

Minti ashirin da farawa
kunnena ya riga idona.
Wani ƙyas-ƙyas da ba na cikin waƙar injin.
Kafin in juya, fim ya shaƙe wuyan cibiya,
zagaye uku, huɗu, bakwai,
na kashe fitila kafin ta huda fuskar jaruma.

Duhu. Sai fito daga ƙasa.

Arsenio mai yaga tikiti
ya hawo matakala ashirin da bakwai yana haki:
"Doña Herminia, me zan ce musu?"
"Ka ce minti biyar."
Ƙaryar sana'a ce, gadonta muka yi.

Na warware ƙullin a hankali,
yadda ake tsefe kan yarinya mai tsoron zafi.
Na durƙusa da tocila a baki.
Tayar roba da ke tura faifai: ba ta suɗe ba.
Gawayin mota: da sauransa.
Idon nan ɗan mitsitsi da ke gaya wa faifai
yi sauri, yi sannu,
na share shi da auduga, ya kalle ni tas.
Na bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya,
ko wata ta yi danƙo. Babu.
Har fis na zare na duba, don kada a ce.

Komai lafiya, kuma ba lafiya.
Shekara talatin da ɗaya a ɗakin nan,
yau ƙarfe zai mai da ni ɗaliba?

Sai na kai yatsa gefen naɗin.
Tsau!
Gashin hannuna ya miƙe tsaye.
Na ɗaga zagaye ɗaya, biyu suka biyo shi,
manne da juna kamar sababbin takardun kuɗi.
Na shaƙi iskar ɗakin: ƙamas,
ba ko ɗigon laima.

A garin da burodi ke fumfuna kafin azahar?

Can a lungu yana ja wur, ba ruwansa:
hitar da 'yata Leontina ta kawo ran Litinin
saboda gwiwoyina.
Kwana huɗu ina gasa iska,
na gina hamada a bakin kogi,
ina neman ɓarawo, ashe yana ɗumama mini ƙafa.

Na zare wayarsa.
Na buɗe taga, Calle-Calle ya turo numfashinsa.
Na ɗora butar shayi, na bar ta tana tafasa ba murfi,
Arsenio ya jiƙa tawul ya rataya a ƙofa.
Minti biyar ɗinmu sun haifi sha tara.
Mutum uku sun karɓi kuɗinsu.

Na kunna. Haske ya tsallake kawunan sauran.

Amma laima ba ta shiga fim da gaggawa,
don haka na tsaya kan cibiya
da ɗan yatsa ɗaya, ina raba zagaye da zagaye,
awa ɗaya da kwata,
ban ga ko fuska ɗaya a allo ba.
Dariyarsu kawai nake ji ta cikin bango,
sanyi na hawa ƙafafuna kamar tururuwa.

Da sunaye suka gama hawa,
Arsenio ya miƙo mini shayin butar nan,
ya nuna hita da haɓa: "Wannan fa?"
Na ce ya kai wa mai sayar da tikiti.
Gwiwa tawa ce, ta saba.
Gobe akwai na ƙarfe shida.